Ƙarfe biyun dare, kyaftin ya juya jirgi

Masu kallon hotunan tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska suna ɗauka shaƙatawa muke yi. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ke ɗaukar hoto ƙarfe biyun dare.

A jirginmu an raba mu gida biyu, awa 4 a sama, awa 4 a ƙasa. Gadajen ba sa isa, don haka wanda ka tashe shi ka haye nasa da ɗuminsa da damshinsa. Kuma da yake iska na karkata jirgi gefe ɗaya, a ɓangaren da ya ɗaga sama ake kwana, saboda nauyin jikinka ma kayan aiki ne: yana rage karkatar jirgi, gudu ya ƙaru. Akwai wani ƙyalle da ake ɗaurewa a bakin gado da igiya don ya tare mai barci. Wanda ya yi ganganci da ƙullinsa, a ƙasa zai ƙarasa mafarkinsa.

Ana tashin mutum saura minti 15 ya karɓi aiki, kuma duk a sa kaya suke tafiya. Ta ciki ba a sa auduga, don tana riƙe jiƙa ta sanyaya mutum. Sai rigar ɗumi, sai wandon leda mai kaiwa ƙirji, sai babbar riga, sai takalmin roba, sannan rigar ceto mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Duk wannan da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙarfe, a cikin jar fitila, domin ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake rushe wannan sabon.

Ina jan zif na ƙarshe cikina ya ce bai san zancen ba.

Ba a tsayawa a gefen jirgi a biya buƙata, nan ne teku ke ɗaukar mutane. Kyaftin ba ya wasa da wannan, kamar yadda ba ya yarda kowa ya leƙo sama bai maƙala ƙugiyarsa a igiyar tsaro ba. Ka yi gardama ya tuna maka tseren Fastnet na 1979, a tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland, inda guguwa ta kashe 'yan tsere 15. Sai na koma cire kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ban ɗakin jirgi ɗan akurki ne, ga shi jirgin a karkace yake da wajen digiri 25. Dokokinsa: kowa zama yake yi, ba a jefa komai a ciki sai abin da ya bi ta ciki, ko takarda a leda ake sa ta. In ka gama ka buɗe makunnin ruwan teku, ka karkata ɗan hannun famfo, ka buga kamar sau 15 ya wanke, ka mayar da shi ɗaya gefen ka buga har kwanon ya bushe, sannan ka rufe makunnin. Ka bar shi a buɗe, jirgi na karkata teku za ta biyo bututu ta shigo gaisuwa.

Na tokare ƙafa a ƙofa, kafaɗa a bango, na sami daidaito. Ina cikin bugun famfo, kwano cike, sai na ji ƙafafu na gudu a saman kaina.

Jirgin da ke fuskantar iska ba ya tafiya kai tsaye. Yana yanka ta ne a karkace, wajen digiri 45, ya yi nisa sannan a juyo shi ɗaya gefen. In an juya, abin da yake sama ya koma ƙasa. Kyaftin yakan ɗaga murya kafin ya juya, amma tsakanin kukan iska da bugun raƙuman ruwa, na ƙasa ba ya jin komai.

Bangon da na jingina da shi ya guje ni. Sakatar ƙofa ta ɓalle, na fito da baya, wando a gwiwa, hannun famfo a hannuna, abin da ke cikin kwano yana biye da ni. Na sauka a kan buhun ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ashe akwai mutum kwance a kansa, wanda jiri ya hana shi hawa gado tun magariba.

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Malam, mun iso ne?"

Kafin in amsa, kyaftin ya sunkuyo ta bakin matakala ruwa na zuba daga hularsa. Ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna.

"Ka rufe makunnin?"

"Ranka ya daɗe, makunnin yana can, ni ina nan."

"To koma ka rufe. In ka fito ka ɗora shayin mutum shida, rabin kofi rabin kofi, za mu sake juyawa nan da minti goma."