Ranar da na cika huɗu a Lichess

A fadarmu ta unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, in dai dara ce, ba ni da na biyu. Rami talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ɗauke ɗan abokin karawa. Shi ya sa da ɗan ƙanwata ya sa mini Lichess a salula, ya ce eshek ne, wato darar Turawa, kyauta, babu talla, kuma ba ya cin forfe sosai, sai na ce bari in leƙa in gaisa da mutanen duniya.

Ya buɗe mini sashen koyo: gida 64, kowa da mayaƙa 16, doki na tsalle a karkace, soja ba ya ja da baya. Na ce wannan na 'yan lakwal ne. Ina yin rajista suka ba ni maki 1500, ko soja ban taɓa ba. Na ce ka gani, labarina ya riga ni isa.

"Kawu, kowa haka ake ba shi."

Hassada dai ba ta da magani.

Wasan farko, kafin shayi ya tafasa, sarauniyar wani ta zo ta tsaya jikin sarkina. Taku huɗu, an gama. Wani kuma na tura soja gida biyu ya gifta nasa, sai ya ci mini shi ta gidan da babu kowa a ciki. Na rubuta masa "ɓarawo" da Hausa. Ɗan ƙanwata ya ce doka ce, an pasan sunanta.

Ana nan sai Allah ya haɗa ni da wanda ya fi ni duhun kai. Na ci dawakinsa, na ci sarauniyarsa, na bi sojojinsa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage sarki tilo yana ragaita. Na ce jama'a ku matso ku ga aiki. Masu belot suka ajiye karta, mai shayi ya bar buta a wuta. Na kai soja ƙarshen allo ya zama sarauniya, suka zama biyu. Na kai wani, uku.

"Kawu, ka kashe wasan haka nan."

"Yi mini shiru."

Wani daga baya ya ce, "Alhaji, saura ɗaya ka cika huɗu!" Fada ta ɗauki shewa. Wa zai ji wannan ya tsaya? Na lallaɓa sojan ƙarshe, gida-gida, ina duban fuskokin mutane, na dangana shi da bango. Ta huɗu ta tare.

Sai allo ya tsaya cak. Rabi da rabi.

Wai sarkinsa yana lungu, ba a kai masa hari ba, amma duk inda ya taka wuta ce, kuma ba shi da wani abin motsawa. Wannan shi ne pat, hukuncinsa kunnen doki. Na ce a wace kotu? Mutum an raba shi da dawaki da dakaru da gari, an tsare shi a lungu, a ce mun yi daidai?

Wani dattijo da ke jan carbi a gefe ya ce, "Yaro, kai da ke zaune Maraɗi kake mamaki? Tun zamanin jihadi aka raba kakanninmu da birnin Katsina, har gobe Sarkin Katsina muke kiran namu." Aka kwashe da dariya har mai shayi ya ƙona hannu.

Kafin in isa gida, yaran unguwa sun kai labari, sai dai sun yar da zancen salula a hanya. Na tarar da uwargida tsaye bakin ƙofa, gyale a kafaɗa, tuwo a rufe can nesa da ni.

"Maigida, an ce ka cika huɗu. Sauran ukun a wace unguwa suke?"