Taku goma a Stratford, da abin da ya rage wa Idu

Wata tsohuwa ce, sanda a hannu ɗaya, jakar cefane mai taya a ɗayan, ta sauko daga jirgin Central a tashar Stratford da ke gabashin Landan. Ba ta hau matakala ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta ratsa faɗin dandamali, taku goma bai cika ba, ta shige jirgin Elizabeth da ya tsaya a ɗaya gefen. Nan take tashar jirgin ƙasa ta Idu da ke Abuja ta faɗo mini a rai, kuma abin ya yi mini ciwo.

Central jirgin cikin gari ne. Dab da tashar yake ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa, ya sauke ya ɗauka, ya sake nutsewa. Elizabeth kuwa, da aka buɗe a 2022, shi ke kwaso ma'aikata daga garuruwan gefe irin su Shenfield. Sai aka haɗa masu nufar tsakiyar gari a dandamali guda mai baki biyu, lamba 3 da 5, masu komawa gabas kuma 6 da 8. Kati ɗaya ke biya maka duka, Oyster ko na bankinka: ka ɗora a kan na'ura in za ka shiga, ka sake ɗorawa in za ka fita. Wanda ya manta ɗorawar fita, kuɗin tafiya mafi tsada ake cire masa. Da safe duk minti 2 ko 3 wani Central na zuwa, allo na nuna saura minti nawa, don haka babu mai ture wani. Kana fitowa ƙofa ga tashar bas.

Mu ma fa muna da mahaɗa. Jirgin Kaduna ya fara aiki a 2016, na cikin Abuja a 2018, kuma a Idu suka haɗu. Amma na cikin garin ya tsaya a 2020, sai Mayun 2024 ya dawo. Masu gida biyu ne: na Kaduna a hannun hukumar jiragen ƙasa ta ƙasa, ɗayan a hannun hukumar Birnin Tarayya, kowa da tsarinsa. Inda sawu ƙidayayyu ne a yini, dole a ɗaure lokutan jiragen biyu da juna, in ba haka ba wanda ya taso daga tashar Rigasa ta Kaduna tasi zai nema, ga layin dogo a gabansa.

Kada a ce na zo Turai na raina gida. Mutanen Landan tun 1863 suke da jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuɗinsa na cin aljihu, yajin aiki ma suna yi. Duk da haka daidaita lokaci da tikiti ɗaya ba sai an shekara ɗari ba.

Kuma duk kyan wurin, babu wanda ya ce wa tsohuwar nan sannu. Da a gida ne, kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa wani yaro ya ce, "Kawo, Mama," ya karɓi jakar. Irin yaran nan ne ke tsaye a Mararaba da Nyanya tun kafin a idar da Asuba, suna kokawar shiga mota, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, kuma har yau layin dogo bai je wajensu ba.