Allon mota ba kayan ƙawa ba ne

Tun da na sa hoton motar ƙanwata mai aiki da lantarki da allonta baƙi ƙirin, mutane ke ta ba ni haƙuri, wai ai na'ura ce, kuma kowace na'ura tana lalacewa. Ban haƙura ba, ba kuma zan haƙura ba. Mace ce da yara a kujerar baya, da asubar hunturun Amurka, gilashin gaba ya yi tururi ba ta ganin hanya. Ta kai hannu za ta kunna iskar da ke share shi, babu abin dannawa, domin madannin yana cikin allon da ya mutu. Za ta yi ribas, kamara tana cikin allon. Za ta ƙara ɗumi saboda yaran, shi ma yana cikin allon. Ta kira cibiyar gyaran kamfanin (ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba wanda galibinku kuke zato ba ne), aka ce ta shiga manhaja ta nemi rana. Ranar da ta samu sai cikin wata mai kamawa. Ta nemi motar aro, aka ce babu, tunda ai motarta tana tashi kuma tana tafiya.

Tana tafiya ina? Motar da direbanta ba ya ganin gaba, ba ya ganin baya, wace irin tafiya take yi?

Maganata guda ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji da ni. Ranar da kamfani ya kwashe madannan mota ya zuba su cikin allo ɗaya, daga ranar allon nan ya tashi daga sahun rediyo ya koma sahun birki da sitiyari. Idan ya mutu, gyaransa na gaggawa ne, kuma nauyin yana wuyan wanda ya ƙera. Ba direba ne ya ce a cire masa madannai ba. Kamfanonin ne suka ga allo ɗaya ya fi musu araha a kan madannai barkatai da wayoyinsu, suka sayar mana da shi a matsayin ci gaba. To kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Masu cewa ina zuzuta abu, ku je ku duba abin da ya faru da Tesla, wannan a rubuce yake a hukuma. Motocin Model S na 2012 zuwa 2018 da Model X na 2016 zuwa 2018 suna da wani ɗan guntun ma'adanar bayanai mai girman 8GB a bayan babban allon nan nasu mai inci 17. Kwamfutar motar kullum tana rubutu a cikinsa tana gogewa, shi kuwa yana da iyakar rubutun da zai iya ɗauka, wajen zagaye 3,000. A cikin shekara biyar zuwa shida ya ƙare. Da ya ƙare allo ya ɗauke, kamarar ribas ta tafi, ikon sarrafa iskar share gilashi ya tafi, har ƙarar da sigina ke yi ta tafi. Shekaru masu motoci suna biyan kuɗin gyara daga aljihunsu da zarar garantinsu ya ƙare. Sai a watan Janairun 2021 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta rubuta wa kamfanin a hukumance cewa ya janye motoci kusan 158,000 ya gyara. A watan Fabrairu ya amince da kusan 135,000, yana sauya guntun da mai 64GB kyauta. A China ma an janye sama da 36,000 a kan wannan matsalar.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hujjar da kamfanin ya kawo a lokacin. Ya ce shi bai yarda lahani ba ne, kaya ne da ke cinyewa da amfani, bai kamata a sa ran ya kai ƙarshen rayuwar mota ba. Jama'a, a ƙasar da matsakaicin shekarun motar da ke kan titi ya haura 12, an sa abin da aka san zai mutu a shekara shida, an ɗora masa kamara da iskar gilashi, sannan aka ce kaya ne mai cinyewa. Taya tana cinyewa, amma kana ganinta da idonka, an faɗa maka a littafin mota, kuma kowane mai faci zai sauya maka ita. Wa aka taɓa faɗa wa ranar sayen mota cewa allonsa yana da wa'adi? Wa zai iya leƙawa ya ga saura kaɗan ya mutu? Allon nan ba kayan ƙawa ba ne. Gwamnatin Amurka da kanta ta wajabta kamarar baya a kan duk sabuwar mota tun watan Mayun 2018, saboda ƙananan yaran da ake takewa wajen ribas. Abin da doka ta wajabta don ceton rai ba a ce wa mai shi ya jira wata mai zuwa.

Wani ya ce min ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. A'a, malam, ba rariya aka ce mata an sayar mata ba, mota aka ce. Wani ya ce ai sai ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Ta yi, ita da mijinta, har suka gaji. Kuma ko da hakan na aiki, haka za a ce wa uwar da ke kan babbar hanya, ta faka ta jira allo ya farfaɗo? Akwai masu cewa ta yi wa motar magana da baki ta ba ta umarni. Kwamfutar da ta mutu ce za ta ji ta? Sai masu cewa motocin fetur ma yanzu duk allo ne. Gaskiya ne, kuma su ma maganar ta shafe su. Ni ba na gaba da motar lantarki, ina sonta, ina fatan ta yaɗu. Don ina sonta ne nake wannan faɗan, domin irin wannan wulaƙancin ne ke sa wanda ya saya sau ɗaya ya rantse ba zai ƙara ba.

Ko allon da lafiyarsa ma matsala ne. A 2022 mujallar motoci ta Vi Bilägare a Suwidin ta gwada direbobi suna gudun kilomita 110 a awa, suna yin 'yan ayyuka huɗu kamar sauya tashar rediyo da ƙara ɗumi. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai madannai, daƙiƙa 10 aka gama. A MG Marvel R mai allo, kusan daƙiƙa 45. Ku lissafa nisan da mota ke ci a wannan gudun ido yana kan allo. Shi ya sa Euro NCAP, masu ba motoci taurarin tsaro a Turai, suka ce daga 2026 motar da ke neman cikakken maki sai ta kasance da madannai na zahiri ga sigina, fitilar haɗari, hon, waifa da kiran gaggawa. Volkswagen ma ta fito ta ce za ta dawo da madannai. Wato abin da direbobi ke ta kuka a kai shekara da shekaru, yanzu ne aka yarda gaskiya suka faɗa.

Sai ɓangaren gyara, wanda shi ne ainihin zaluncin. Da allon ya mutu, da za ka iya kai wa bakaniken unguwa, da da sauƙi. Amma an kulle manhajar, an kulle kayan, sau da yawa ko ka samo allon daga wata motar sai kwamfutar kamfani ta haɗa shi da taka kafin ya yi aiki. Sun hana kowa taɓawa, sannan su ba su da isassun hannayen da za su taɓa. Idan ka ce kai kaɗai ne za ka gyara, to dole ka gyara da wuri, dole ka ba da motar aro, dole ka sa mutum mai rai ya ɗaga waya. Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Mutanen jihar Massachusetts ta Amurka sun fahimci haka, shi ya sa a 2020 kusan kashi 75 cikin ɗari suka kaɗa ƙuri'ar tilasta wa kamfanoni su buɗe bayanan mota ga garejoji masu zaman kansu. Masu motar lantarkin nan Fisker Ocean kuwa sun ga ƙarshen abin, kamfanin ya durƙushe a watan Yunin 2024, suka wayi gari da motocin da komai nasu manhaja ne, babu mai manhajar, sai da suka kafa ƙungiya suna nema wa kansu mafita.

Tunda an zo nan, bari in yi magana da 'yan uwa na gida da ke turo min saƙo tun da aka cire tallafin mai a 2023, cewa in duba musu motar lantarki a gwanjo in ɗora a jirgi. Don Allah kafin ku tura ko sisi, ku karɓi lambar shasi mai haruffa 17, ku sa ta a shafin NHTSA, kyauta ne, zai nuna muku ko akwai gyaran janyewa da ba a yi ba. Idan akwai, a yi shi tun motar tana Amurka, domin a cibiyar kamfani ake yinsa, kuma da ta sauka Legas ko Kwatano babu wanda zai nemo ku. Ku tambayi mai rewayarku ko ya taɓa buɗe irinta, ku tambaya a Panteka ko akwai allonta. Sannan ku dubi gefen allon da kyau a hoto, idan kun ga rawaya-rawaya ko kumfa a ciki, gam ɗin ne ya fara saki, zafi kuma yana ƙara masa, ku kuwa kun san ranar watan Afrilu a Sakkwato da Maiduguri.