Ka sayi firji da kuɗinka, ka rasa inda za ka kunna shi

Ranar Alhamis bayan la'asar na je yadin da nake ajiye tirelarmu ta tafi-da-gidanka, wato ƙaramin gida mai taya da mota ke ja, can bayan garin Hustan na jihar Teksas a Amurka, da niyya ɗaya tak: in buɗe tukunyar gas, in kunna firji, in kulle in koma gida, don kafin asubar Juma'a ya ɗau sanyi mu loda abinci mu kama hanya. Uwargida ta riga ta soya naman rago, ta haɗa miya, zoɓo na jira a jarka. Ga zafin Agusta irin na Teksas, wanda ko mariƙin ƙofa ka taɓa sai ka yarfe hannu.

Ban gama murɗa kan tukunyar ba sai ga mai kula da yadin a 'yar motarsa ta zagaye. Bai sauko ba, bai gaishe ni ba.

"Me kake yi?"

Na ce, "Sannu da aiki. Firji zan kunna, gobe da sassafe za mu yi tafiya."

"Ba a nan ba."

Na ce masa ai ba kwana zan yi a ciki ba, ba girki zan yi ba, firji ne kawai, kuma harshen wutarsa bai fi kan ɗan yatsa ba. Sai ya cire tabarau, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya ɗaga shi ya duba a rana, ya mayar. Ni kuwa ina tsaye gumi na bin bayana.

"Ka karanta takardar da ka sa wa hannu?"

Na ce na karanta. Na ce to shi ke nan, a bar gas, ku ba ni soket in jona wa lantarki, ko nawa ne zan biya. Ya ce soket na masu rumfa ne. Na ce a mayar da ni rumfa. Ya ce akwai layi. Layin wata nawa? Ya ɗaga kafaɗa. Na ce, "To bawan Allah, abincin fa?"

"Ana sayar da ƙanƙara a gidan mai."

Har ya tayar da motar, sai ya ga bai ƙoshi ba. Ya waiwayo, ya rage murya, yana jero maganar ɗaya bayan ɗaya kamar mai koya wa yaro karatu: "Ban san yadda kuke yi a inda ka fito ba, yallaɓai, amma mu nan muna da doka."

Inda na fito! A inda na fito, firji mai kananzir ya shekara da shekaru yana ci dare da rana a ɗakunan shan magani na karkara, yana riƙe da allurar rigakafi, babu mai tsaye a kansa da fanka. Aikinsu ɗaya da wannan na tirela. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro shi a 1922. Ba shi da inji mai ƙugi. Wuta ce ke dafa ruwan amoniya, tururin ya hau sama ya huce, ya gangaro ya haɗu da iskar haidurojin ya zuƙe zafin da ke cikin akwatin. Shi ya sa yake da nawa. Ka ba shi awa 8 kafin ya fara abin kirki, a irin zafinmu kuwa sai ya kwana ya wuni. Wanda ya kunna shi da safen tafiya ya cusa masa nama, murhu ya sa wa naman. Ita kanta ma'aikatar noma ta Amurka cewa take abincin da ya wuce awa 2 a zafin da ya haura digiri 4 na ma'aunin Salshiyas a zubar da shi.

Kuma ba cewa nake babu haɗari ba. Akwai. In tirelar ta karkace fiye da digiri 3, ruwan ba ya zagayawa daidai, tukunyar dahuwar ta yi ta ɗaukar zafi har bututu ya toshe ko ya tsage, ga kuma wuta a gefensa. Zanzaro kan yi gida a bakin murhun. In batir ya yi sanyi, firjin ya mutu, na'urar shinshinar gas ma ta bi shi. Kamfanin Dometic ya yi kiranyen firjinsa masu yawa a 2006, kamfanin Norcold ma ya yi a 2010, duk a kan fargabar gobara. Domin haka na zo da ma'aunin daidaito a aljihu, na buɗe murfin waje na share murhun, na duba ko akwai garin nan rawaya da ke nuna yoyo, na shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, batir kuma cike yake. Mutumin nan bai tambayi ko ɗaya ba. Da ya ce mu je in gani, da na girmama shi. Tsaro bai dame shi ba, kamfanin inshora ne ya rubuta masa layi ɗaya, shi kuma ya sami sandar dukan mutane.

Wani zai ce kai ta gida mana ka kunna a ƙofarka. Allah Sarki. Ƙungiyar masu gidajen unguwarmu ta hana tirela kwana a gaban gida. Bara da na kawo ta don in wanke in loda kaya, kafin sati ya zagayo ga wasiƙa da hoton gidana da barazanar tara. Wato akwai maƙwabcin da ke da lokacin laɓewa bayan labule da waya, amma ba shi da lokacin amsa gaisuwa. A bakin titi kuma dokar fakin na jira. Shi kuwa dillalin da ya sayar mana, ranar ciniki har da dafa mini kafaɗa: "Ka kunna tun daren jajibiri, shi ke nan." A ina? Bai faɗa ba, na kuwa tabbata ya sani.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, da yawanmu ba don gayu muka sayi abin nan ba. Wanda ya ga sanyin Fabrairun 2021, da lantarkin Teksas ya durƙushe mutane suka kwana da kwanaki cikin duhu, ko guguwar Beryl ta Yulin 2024 da ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 ba wuta a yankin Hustan, ya san darajar firjin da ba ya jiran kowa. A 2021 kaɗai masana'antun sun fitar da irin waɗannan motoci da tireloli kusan 600,000, mafi yawansu daga Elkat ta jihar Indiyana. An karɓi harajin saye, an karɓi kuɗin lamba, kowace shekara a sake karɓa. Amma a ce ga wuri, ga ƙa'ida, in ka cika kaza da kaza kana iya barin firjinka a kunne dare ɗaya, wannan ya fi ƙarfin gwamnati. Ta sakar wa lauyoyi da 'yan inshora da kwamitin unguwa ragama, kowa na kare wuyansa daga ƙara a kotu. Sama da mutum miliyan 70 ke zaune ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasar nan, ƙananan sarakuna masu auna tsawon ciyawa da launin ƙofa, kuma mu muke biyansu.

Kamfanonin ma sun gano bakin zaren, sun yi shiru abinsu. Sababbin tireloli yanzu firji mai batir suke sa musu, wanda ke sanyi cikin 'yan awoyi ba tare da wuta ba. Mu da aka ɗora wa tsohon yayi kuwa, in mun gaji, mu ciro dala sama da dubu mu sayi sabo, mu ƙara batir, mu ƙara sola, sannan mu shiga layin makonni a garejin dillalin da ya dafa mana kafaɗa.