Mai Jinya Ma Yana da Jiki

Duk wanda ya taɓa kwana a asibitocinmu ya san su: masu jinya, sun baje tabarmi a baranda, ga fulas ga buta a gefe. Likita ya duba na kan gado ya wuce. 'Yan dubiya su ajiye lemo da ayaba, su ce "Allah ya ƙara sauƙi", su kama gabansu. Wadda ke zaune a bakin gadon kuwa, ba mai ce mata ya ƙugunki. Na ce "wadda" ne da gangan, don galibi mace ce: 'ya, ko ƙanwa, ko matar ɗa.

'Yan uwana matasa, da ku nake, musamman waɗanda Allah ya ɗora wa jinyar Baba ko Inna a gida, ko shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da su ko tsufa. Lada kam akwai shi, ba ja. Amma idan na ce ku riƙa motsa jiki, na san amsar: "Wane motsa jiki kuma? Ai tun asuba ban zauna ba." Gaskiya ne. Sai dai gajiya daban, motsa jiki daban. Aikin jinya sunkuyo ne, da ɗaukar nauyi a karkace, da dogon zama wuri guda, da barci rabi da rabi. Yana cin ƙugu da kafaɗa, amma ba ya ba zuciya aikin da zai ƙarfafa ta. Shi ya sa mutum zai wuni a galabaice, kuma hawan jini ya lallaɓo ya same shi bai sani ba.

A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Kada adadin ya tsorata ku. Minti 30 ne a rana, kwana biyar, kuma ba dole a yi shi a haɗe ba: goma da safe, goma bayan la'asar, goma da dare, duk ya shiga lissafi. Ma'auninsa shi ne numfashi ya ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. In za ka sayo magani a kemis, bar ɗan acaɓa, taka da sauri. 'Yar uwa, in fita ba ta samuwa, zagaya tsakar gida lokacin da Inna ta samu barci, maimakon ki kishingiɗa da waya.

Ku kula da cinya, don ita ya kamata ta yi ɗagawa, ba gadon baya ba. Tashi ka zauna a kan kujera sau goma ba tare da ka dafa ba, kullum. Mara lafiyar da ba ya iya juyawa ana juya shi kusan duk awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Lissafa sau nawa ke nan a wuni. In za ka ɗaga shi, lanƙwasa gwiwa, miƙe baya, matso da shi jikinka, kada ka murɗa ƙugu da nauyi a hannu. In akwai na biyu, ku kama zanin gadon ku ja tare. Ranar da kuka je wurin masu gashin ƙashi, a asibitin Dala ne ko na Malam Aminu Kano ko wanda ke kusa da ku, ku roƙe su su nuna muku da hannu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bakin mutane. Yarinya ta fita shan iska na rabin awa, sai ka ji ana "ubanta na kwance tana yawo". Masu faɗin haka ba su taɓa wanke masa zani ba. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amru, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, jikinsa na da haƙƙi a kansa. Ibada ce fa yake yi aka ce masa haka.

Sai ku, yayye da ƙanne, masu turo kuɗi ta waya da kiran "ya mai jiki?". Mun gode, amma kuɗi ba ya zaman jinya. Ku raba kwanaki. Wanda ke gari ya zo bayan la'asar ya zauna wurin Baba, ya ce wa 'yar uwarsa ta sa takalmi ta fita, kada ta dawo sai an kira magariba. Kuma ranar da aka kawo na'urar awon jini za a gwada Baba, a ɗaura mata ita ma a hannu.