Tukunya ɗaya nake ɗorawa

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da aka gwada maigidana a wani asibiti nan Garwa ta Kamaru aka ce tansiyonsa 17/10. Ga 'yan uwa na Najeriya da ba su saba da ƙirgenmu ba, 170/100 ke nan, kuma daga 14/9 ake fara kiran abin hawan jini. Ciwon kai ne ya kai shi, yana ta cewa zafin Afrilu ne kawai, tunda kowa ya san yadda garin nan ke tafasa kafin ruwa ya sauka. Likita ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, a rage mai, a rage suga. Shi a minti ɗaya ya gama nasa, ni aka bari da jidali.

Kuskuren da na fara yi shi ne wanda nake ganin mata da yawa suna yi, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na koma ɗora tukunya biyu. Tamu da yara tana nan yadda take, tasa kuwa lami, ba gishiri ba dunƙule, mai ɗan ɗigo. Ranar farko ya kai loma ɗaya, ya ture kwanon, ya ce, "Ke, wannan ai ko a kurkuku an fi haka." Ya saka takalmi ya tafi majalisa. Da ya dawo, tun daga zaure nake jin ƙamshin tsire da yaji. Mako uku muna haka, ni ina mita, shi yana ƙoshi a waje. Wato gishirin da na hana shi a gida, ninkinsa yake ci a bakin titi.

Ana cikin haka Hajiya ta zo daga Marwa. Ta dubi kwanon ɗanta, ta dube ni, ta ce, "Yarinya, laifin me ya yi miki?"

Na ji haushi a ranar, amma da na kwana na ga gaskiyarta. Kwano na daban shela ce. Kullum kina sanar da magidanci a gaban 'ya'yansa da baƙinsa cewa shi majinyaci ne. Mutumin da ya saba a shimfiɗa tabarma ya sa hannu a tire ɗaya da ƙannensa da maƙwabta, ba zai yarda a ware shi kamar mai jego ba. Kuma ke da yaran, wa ya ce muku gishirin nan ba ya taɓa ku?

Sai na koma tukunya ɗaya, na shiga ragi a hankali ba tare da na yi wa kowa sanarwa ba. Da can dunƙule huɗu nake murzawa a miya, ga gishiri, ga kanwa idan miyar yauƙi ce. Ban taɓa sanin kusan rabin dunƙule gishiri ba ne, kuma kanwa ma 'yar gidansu ce wajen tayar da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tozo, har da wanda ke ɓoye a burodi da kilishi. Duk mako biyu sai in janye dunƙule ɗaya. Gurbinsa daddawa, da busasshen kifin Lagdo da nake dakawa, da albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro. Idan miyar yakuwa ce ma tsaminta ya isa ya rufe asiri. Harshe yana sabawa, makonni kawai yake so. Ranar da na tabbatar, biki muka je Pitowa, babban ɗana ya matso ya raɗa min, "Mama, miyarsu gishiri ya yi yawa." Da kyar na danne dariya.

Wurin da aka fi ba ni wahala ba gishiri ba ne, ganye ne. Mun ɗauki farar shinkafa 'yar waje da miya tana ninƙaya a mai a matsayin shaidar an samu, tuwon dawa da miyar ganye kuwa abincin wanda bai da shi. Yarana har "abincin ƙauye" suke ce masa. Alhali tafasa, lalo, zogale, kuka, duk ga su a kasuwa, da dala ashirin, wato sefa ɗari, ki cika kwano, kuma su ne iyayenmu suka ci suka yi noma har tsufa. A nan Hajiyar da na ɗauka abokiyar gaba ta zame min garkuwa. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki koya min miyar tasɓa irin wadda kike yi musu suna yara." Tasɓa ita ce tafasa da Fillanci. Ta ɗaure zani ta shiga kicin, ta sa aka niƙo muskuwari, wato dawar rani, ba a surfe shi fes ba. Wane ɗa ne zai ture tuwon uwarsa? Ya ci ya ƙara, yana ba yara labarin gidansu na Marwa. Daga ranar miyar ta samu lasisi.

Shayi kam ban ci nasara ba, ba zan yi muku ƙarya ba. A gida na kori lemon kwalba, wanda ƙaramar kwalbarsa kaɗai ke ɗauke da suga wajen giram 35, alhali giram 50 ne iyakar da ake so babba ya tsaya a yini. Zoɓo nake haɗawa da citta da suga kaɗan. Amma shayin majalisa, na ɗaya da na biyu da na uku, hannuna bai kai can ba. Na daina magana a kai, don na lura duk ranar da na yi wa'azi sai ya daɗe bai shigo ba. Maza masu karanta wannan, wannan ɓangaren naku ne, ku ji tsoron Allah ku rage wa mai shayi hannu.

Kada wata ta ce na ce a ajiye magani a kama zogale. Ƙwayarsa yana sha kullum da safe, kuma duk wata muna zuwa gwaji. Na ƙarshe 14/9 aka samu, likita ya ce da sauran aiki amma an kama hanya.

Shekaranjiya ina haɗa wanki na ci karo da takardar kilishi a aljihun jamfarsa, duk ta jiƙe da mai. Ban ce uffan ba. Na ninke ta da kyau na ajiye masa a faranti kusa da ƙwayar maganinsa. Ya gani, ya sosa ƙeya, ya haɗiye ƙwayar, sannan ya ce, "Yau tasɓa za a yi, ko?"