Kafin 'yan gwangwan su gama da su

Ra'ayina ne, wanda bai yarda ba ga fili nan: duk wanda ya ɗauki Fijo 504 mai sauran numfashi ya miƙa wa 'yan gwangwan su yanka ta su auna a kilo, ya yi wa jihar Kebbi ɓarna, ko da kuwa da guminsa ya saye ta. Na san za a ce ai dukiyarsa ce, kuma ana cikin wani hali. Ban musa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ba kowa ke da ƙarfin riƙe motar da ba ta san tsimin fetur ba. Amma ƙin hawa daban, yankawa daban.

Da can in ka zaga bayan garejin kanikawa a Birnin Kebbi ko Jega ko Yawuri, ba za ka rasa tsohuwar Fijo 404 a kan duwatsu ba, ko Boswaja ƙunƙuru da kaji ke ƙwai a cikinta, ko Besfa jingine da bango. Yanzu je ka duba, an share. Na tsaya kan wasu yara suna ɓarke wata a-kori-kura 404 a gefen hanya, da guduma da kurfi da wutar walda. Suka ware jan ƙarfen waya gefe guda, lagireto gefe guda, suka fasa injin don su ciro alminiyon. Ɗan zakin nan na gaban motar kuwa, da yake ba shi da nauyin da zai motsa sikeli, suka jefa wa wani almajiri da ke kallo, ya sa a aljihu ya wuce. Kafin la'asar babu abin da ya rage a wurin sai tabon baƙin mai a ƙasa.

Yaran ba su da laifi, abincinsu suke nema. Laifin namu ne da ba mu ɗauki waɗannan ƙarafa a bakin komai ba.

Ku tuna fa, 504 ba baƙuwa ba ce a gare mu. A Faransa aka fito da ita a 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, amma daga baya ta zama 'yar gida, domin tun 1975 kamfanin PAN ke harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan Faransawa sun daina. 'Ya'yanmu ne suka ɗaura mata noti. Ita ce motar gwamna, ita ce ta alƙali, ita ce ta hakimi, ita ce kuma wagon ɗin tasha da ke kwasar mutane daga Sakkwato ta bi Jega da Koko da Yawuri ta miƙa Kwantagora. A-kori-kura ita ta yi dakon albasar Aliero da buhunan shinkafar fadama da kwandunan busasshen kifin Yawuri tun kafin a san da motocin da ake yayi yau. Mata nawa masu naƙuda aka kai asibiti cikin dare a bayanta? Amare nawa ta kai ɗaki?

Kuma ba banza ta daɗe ba. Tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ke turawa, ƙafafunta na shanye gargada, injinta kuwa ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Direba mai sifana biyu da filaya da ɗan guntun waya zai iya tayar da ita a tsakiyar daji tsakanin Bunza da Kamba. A gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake lissafa ta cikin mafi wahalar tseren motoci a duniya saboda laka da ƙura da duwatsu, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, ta sake a 1966 da 1967 da 1968, sannan 504 ta ci a 1975. Irin wannan motar muke sayarwa a farashin tsohon kwano.

Na babura ya fi ba ni takaici, don su ba su ma cin wuri. Wanda ya tashi a shekarun 1970 da 1980 ya san me ake nufi da a ce malamin makaranta ya sayi Besfa. Farar riga, hula zanna, tabarau, ƙafafu a haɗe a kan faranti, ga tayar safaya a baya. Giya a hannu take, sai ka ji ƙas, ta wuce. Akwai Honda Benli, akwai CD 175 ta ma'aikatan gona da na lafiya masu shiga ƙauyuka, akwai Suzuki 100 mai hayaƙi da ƙara, akwai roba-roba da ba ta san gajiya ba. Ita roba-robar nan da muke rainawa jinin Super Cub ce da Honda ta fara ƙerawa a Japan a 1958, kuma a 2017 kamfanin ya sanar da cewa ya ƙera guda miliyan 100. Besfa kuwa tun 1946 Italiyawa ke yin ta, har gobe ba su ji kunyarta ba. Mu ne da zuwan Jincen da Boksa muka watsar da namu a zaure, tsatsa ta ci, daga baya aka ba yara su kai wa mai sikeli.

Abin da ya fi ƙarfen tsada shi ne hannun da ya san shi. Akwai wani dattijon bakanike da nake zama wurinsa, yanzu ido ya yi rauni, yaransa ke aikin. Aka kawo masa wata CD 175 da ta shekara da shekaru a ɗaki. Yaran suka yi ta buga kik har suka yi gumi, ta tashi tana tari tana mutuwa. Yana zaune kan benci bai ko motsa ba, ya ce: “Ku bar wahal da shi. Wanga babur ba shi da ciwo, iska ya yi mai yawa.” Ya sa aka turo masa shi, ya lalubo sukurun kafireto da yatsa, ya karkata kai yana saurare, ya juya kaɗan, ya dawo da shi baya kaɗan. Nan take muryar injin ta daidaita, tif tif tif, har kana iya ƙirgawa. Na ce: “Baba, yaya aka yi kuka gane?” Ya ce: “Ɗana, inji magana shikai. Ku ne ba ku saurare.” Yaran nasa sun ƙware a sauya kaya, a cire tsoho a sa sabo, wannan kuwa ba laifi ba ne, zamaninsu ke nan. Amma kunnen nan ba a gadonsa sai da injin da za a koya a kansa, mu kuwa muna narkar da injunan.

To, sai ɗaya ɓangaren, wanda na san a nan za a fi yi mini ca. Matasanmu na son gudu. Duk wanda ya taɓa ganin rakiyar amarya a garuruwanmu ya sani: a cire salansa, a ɗaga tayar gaba, a kwanta a kan babur a saki hannu, mai mota ya ja birkin hannu ya juya ta a tsakiyar titi ƙura ta turnuƙe, yara ƙanana na tsaye a bakin kwalta suna ihu. Ganganci ne, kuma ya sa gidaje da yawa zaman makoki a ranar da ya kamata a yi buɗar kai. Ba na kare shi ko kaɗan. Sai dai an daɗe ana wa'azi, ana kamawa, ana cin tara, abin bai mutu ba. Mu da muka gaji sukuwa da dawaki a ranar sallah, bai kamata mu yi mamakin jikokin mahaya suna neman abin da za su zabura ba. Bambancin kawai, sukuwa tana da fili da ranarta da manya masu sa ido. Babur ba shi da ko ɗaya.

Ga kuma baƙin jinin da 'yan bindiga suka ja masa. A Zamfara da yankin Zuru, ƙarar babura da yawa cikin dare ba abin sha'awa ba ce, abin tashin hankali ce, har ta kai hukumomi sun sha taƙaita hawansa a wasu wurare. Ɗan kabu-kabu mai neman halalinsa ya sha wahalar wannan. Don haka na fahimci wanda zai ce yanzu ba lokacin maganar wasan babur ba ne. Ni dai gani nake barin abin a hannun ɓata-gari da 'yan ganganci kaɗai shi ne babbar asara.

Abin haushin, muna da wurin da ya dace. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ba kifi kaɗai ake yi a cikinsa ba. Akwai kokawa da dambe da tseren kwalekwale da baje kolin amfanin gona, akwai kuma gangamin motoci. Da aka farfaɗo da bikin a 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, an taso da jerin motocin da aka harhaɗa a Najeriya tun daga Abuja har Argungu, a ƙarƙashin NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Shugabanta a lokacin, Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine kafin ya tafi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa son mota a ƙasar nan ba aron wani ba ne.

Amma sababbin motoci tallar kamfani ce, a yi hoto a watse. Abin da nake so in gani shi ne a ware wa tsofaffin rana guda. A taso daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, 404 da 504 da ƙunƙuru da Landiroba a gaba, Besfa da Benli da roba-roba a baya, kowa da tsohon direbansa ko bakanikensa a gefe. Ba gudu za a yi ba. A ƙasashen da suka iya abin, akan ba ka lokacin da za ka isa kowane zango, wanda ya fi dacewa da lokacin shi ya ci, ko ya yi sauri ko ya makara duk an rage masa maki. A ba da kyauta ga injin da ya fi daɗin murya, da bakaniken da ya tayar da wadda ta fi daɗewa a kwance. In an isa, a jera su kusa da gidan tarihi na Kanta, yara su taɓa, tsofaffi su ba da labari. Kenya ta dawo da gasar Safari ta tsofaffin motoci tun 2003, mutane na ɗauko motocinsu daga Turai su zo su sha ƙura su biya kuɗi. Mu da ayarin Paris zuwa Dakar na farko ya ratsa ta Agadas da Yamai, nan maƙwabtanmu, a 1979, me ya hana mu?

Su kuma matasan a share musu fili a bayan gari, a kewaye shi, 'yan kallo su tsaya nesa. Ba hular kwano, ba shiga. A sa motar asibiti a gefe, jami'an kiyaye haɗurra su duba birki da taya, a yi rajista da suna da unguwa. Wanda aka kama yana wasa a titin gari a hana shi shiga gasar shekara mai zuwa. Ina da yaƙinin wannan hukuncin zai fi tara yi musu ciwo.

Masu cewa almubazzaranci ne ana fama da yunwa, ku lissafa wanda zai ci abinci a ciki: mai fenti, mai walda, mai gyaran bodi, mai ɗinkin kujera, mai haɗa waya, mai sayar da tsofaffin kayan gyara da suka yi ƙura a shago. Gyaran 504 guda ɗaya sai ya ratsa hannun dukansu. Tsorona ɗaya ne, kada abin ya zama na masu kuɗi, su saye komai su kulle a gidajensu na Abuja. Motar da ta yi dakon albasa a Aliero, a Aliero ya kamata a gan ta.

Kafin hukuma ta farka, in akwai irin wannan a gidanku, ta mahaifi ko ta kaka, kada ku yi gaggawa. Ku zuƙe tsohon fetur daga tanki, ku cire batir, ku ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi don kada fistin ya kafe, ku ɗora ta a kan duwatsu tayoyi su bar ƙasa, ku rufe ta daga rana da ruwan sama. Takardunta da tsohuwar lambarta ku adana su wuri guda. In mai ita yana raye, ku zauna da shi da waya a hannu, ku tambaye shi shekarar da ya saye ta, da nawa, da wanda ya riƙa gyara masa ita.